Ruwan Yaya Habu

Wannan babin saboda mahaifiyarku Hajara na rubuta shi, Allah Ya jiƙanta. Nafisa, ke kika dawo daga bikin gida idonki a kumbure, kika ce an zaunar da ke a tsakar gida an gaya miki wai uwarku ce ta hana Baffanku Habu ruwan sha a Alƙahira, har ya gudu gida ya mutu. Ran nan ban ce miki komai ba, don da na buɗe baki zagi ne zai fito, kuma waɗanda zan zaga jinina ne. Yanzu na huce daidai gwargwado. Ku da kuke ƙanana a lokacin ba abin da kuka riƙe sai wani dogon dattijo mai kumburarrun ƙafafu da yake kwana a falo, yana hana ku kallon talabijin. To ku saurara ku ji yadda aka yi.

Ƙauyenmu Tudun Giyayya can ƙasan kogi yake, kuma noman da muka gada ba na damina kaɗai ba ne. Ana shuka shinkafa da ruwan farko, ta tsiro ta yi tsawon yatsa, sai kogi ya kawo cikowa daga sama ya malale fadama, shinkafa ta riƙa bin ruwan tana tsawo. In ruwa ya janye a yi girbi, masunta su faɗa tafkuna, makiyaya su shigo da shanu su ci ragowar. Gidanmu ke riƙe da sarautar fadama. Kada ku ɗauka wata sarauta ce ta a zo a gani, ko rawani babu a cikinta. Abin da ta mallaka duka gizago ɗaya ne, sai wata tsohuwar giyayya a bakin fadama. Duk shekara in cikowa ta kai iyakarta, sarkin fadama zai tattare wando ya shiga ruwa da ƙafarsa, ya je gindin bishiyar ya sara alama daidai inda ruwa ya tsaya. Da wannan saran ake sanin gonar wa za ta yi, gonar wa ta faɗa tudu, a san wanda za a tsakura wa fili. Ba a aike a saran, ba a wakilci, kuma ba a tsallake shekara. Kakanmu ya sara, mahaifinmu ya sara, da ya rasu gizago ya koma hannun yayana Habu.

Ina saurayi aka datse kogin a jihar da ke samanmu, aka ja ruwa a magudanai don noman rani. Daga nan cikowa ta zama sai yadda masu buɗe ƙofar dam suka ga dama. Wata shekara a sake mana ruwa a makare, wata shekara a sake shi gaba ɗaya ya cinye shuka, wata shekarar kuwa a ɗan jiƙa mana ƙasa kawai. Saran giyayya ya riƙa sauka. Na kakanmu sai ka ɗaga hannu sama kake taɓa shi, na Yaya Habu na baya-bayan nan sai ka sunkuya. An yi zama, an yi kwamiti, an sa hannu a takardu an ci abinci an watse, har dai jiharmu ta gaji ta kai jihar sama kotu a kan rabon ruwan.

Ni kuwa tuni ina nan Masar. Karatun shari'a da doka ya kawo ni, zama ya riƙe ni, na koma ina cin abinci da yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Mahaifiyarku ƙanwar abokin karatuna ce, kuma mahaifinta manomin tumatir da alkama ne a bakin magudanar wancan dam ɗin. Da ruwan da aka datse mana aka ciyar da ita, aka sa ta makaranta. Mutanenmu ba su taɓa manta wannan ba. Tun ranar ɗaurin aure suke ce mata 'yar dam, da farko cikin wasa.

Shekarar da nake ba ku labari, Yaya Habu ya sauka a gidanmu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira bayan girbi, fuska a kumbure, numfashi sama-sama. Ƙoda ce, ciwon da ya cinye mutanen yankinmu da yawa. Ya zo da 'yar jakarsa da tunanin za a ba shi magani ya koma kafin ruwan farko. Likita ya duba ya ce ƙodar ta gama aiki, sai wankin jini a inji duk bayan kwana biyu, har iyakar rai ko a sami dashe. Ni na fassara masa, da bakina. Ya tambaye ni ko a garinmu akwai injin. Na ce babu, sai a babban birni, kuma can ma layi ne. Likitan ya ƙara da abin da ya fi komai yi masa ciwo. Ba gishiri, ba kanwa, ruwa kuma sai an auna, don duk abin da ya sha a jikinsa zai tsaya ya hau masa ƙirji. Ku tuna wannan mutumin a ruwa ya girma. In ya dawo daga gona ƙwarya guda yake kafa kai ya shanye bai numfasa ba.

Hajara ce ta ɗauki aikin awon. Ta sayo wani ƙaramin kofin shayi na gilashi, irin na Misrawa, ta ɗaura masa jan zare a wuya don kada a haɗa shi da sauran. Ta kwashe duk gorunan ruwa daga falo. In zafi ya yi yawa ta kan ba shi ƙanƙara ya tsotsa, ko ta jiƙa tsumma ta ba ni in shafa masa a leɓe, don ita kunyar yayan miji ba ta barinta ta matso kusa. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta turo kofin. Shi kuwa sai ya ɗaga shi ya duba a haske, ya girgiza kai.

"Ƙanwata, kin gaji halin mutanenku. Ga ruwa a hannunki, sai kin ga dama kike saki."

"Yaya, ai mu ma ba son ranmu ba ne. Umarni ne daga sama."

"Haka su ma suke cewa," in ji shi, ya shanye a kurɓi biyu.

Wasa ne, kuma su biyun sun san wasa ne. Na rantse muku ban taɓa ganin Yaya Habu ya saki jiki da wata mace a danginmu kamar yadda ya saki da uwarku ba. Da rana in na tafi asibiti, tana kicin yana falo, su yi ta musu ta cikin labule a kan kogi. Ta ce masa kafin dam mutanensu da rani ci-rani suke tafiya, babanta dako ya yi a birni kafin ruwa ya zo bakin gonarsa. Ya ce mata ya yarda, amma su kafin dam ba su san ci-rani ba, yanzu samarinsu duk sun watse. Ta ce to ya za a yi. Ya ce a raba. Ta ce ai shi ake ta nema a kotu. Sai ya yi tsaki ya ce da shi da babanta za a bari a ƙarƙashin bishiya, kafin la'asar sun gama.

Ana cikin haka wasu mata biyu 'yan garinmu, da suka rako wani mara lafiya, suka zo gaishe shi. Ranar an yi zafin da bango ma yake huci. Hajara ta kawo musu ruwan sanyi a babban jug, kamar yadda ake yi wa baƙo, ta koma ɗauko abinci. Yaya Habu ya faki ido ya miƙa hannu ya zuba cikin babban kofi. Ta fito ta gani. Ba ta yi tunanin kunya ba, ba ta yi tunanin baƙi ba, ta zo ta zare kofin daga hannunsa, ta ɗauke jug ɗin ta shige da shi. Matan nan suka dubi juna. A wajenmu ko maƙiyinka ne ya zo wucewa ya ce ruwa, sai ka ba shi sannan ku ci gaba da gaba. Mace ta fizge ruwa daga bakin yayan mijinta, mara lafiya, a gaban mutane, kuma macen 'yar dam ce, wannan ba ya buƙatar ƙarin bayani a kunnen mutanen Tudun Giyayya. Da na dawo na yi musu bayanin likita dalla-dalla. Suka ce, "Allah Sarki, Allah Ya ba shi lafiya." Na ga idonsu, na san bayanin bai shiga ba. Kafin su koma gida labarin ya riga su isa.

Damina na ƙaratowa Ya'u, babban ɗan Yaya Habu, ya bugo waya. Ya ce lauyan jiharmu ya zo ƙauye, ya ce kotu za ta turo mutanenta su ga fadama da idonsu a lokacin cikowa, su ji ta bakin dattawa. Ya ce lauyoyin jihar sama sun rubuta cewa ruwan da ke gangarowa ƙasa asara kawai yake yi a cikin ciyawa, wai babu wani tsayayyen noma a wajenmu kafin a gina dam. Ina kallon Yaya Habu lokacin da wannan maganar ta shiga kunnensa. Ya sa Ya'u ya maimaita. Da ya ajiye wayar ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Sani, kai ka yi karatu. A shari'a wa ke fara shan kogi?"

Na gaya masa abin da na sani. Na sama ne ke fara ban ruwa, gwargwadon buƙatarsa, sannan ya saki wa na ƙasa. Amma in na ƙasa ne ya riga raya ƙasar, kuma ana tsoron shukarsa za ta mutu, to shi ake gabatarwa.

"Wato maganar duka a kan wa ya riga ne."

"A littafi haka ne, Yaya. Amma wannan kotun ba da wannan littafin take aiki ba."

"Ko da wane take aiki, shaida dai shaida ce. Giyayya tana nan."

Nan na zauna na yi masa bayanin da har yau nake ganin gaskiya ne. Na karanta abin da aka shigar a shari'ar, don wani abokina lauya ya turo min. Shekara da shekaru jihohin nan biyu ba su ma fara maganar ruwa ba. Suna kan gardamar ko wannan kotun tana da hurumin sauraron ƙarar, ko kogin da ya ratsa jihohi na gwamnatin tarayya ne, ko takardar da aka sa wa hannu a da alƙawari ce mai ɗaure mutum ko fatan alheri ce kawai. Manomi ba ya cikin masu ƙara, ba ya cikin waɗanda ake ƙara. Na ce masa ziyarar nan za a iya ɗage ta da takarda ɗaya. Na ce in shaida ce, mu je ofishin jakadanci ya yi rantsuwa a rubuta a buga hatimi, Ya'u ya ɗauki hoton bishiyar, ranar da suka zo a kira shi a waya ya yi magana suna ganin fuskarsa. Ya saurare ni har na gama, don shi ba ya katse mutum.

"Ka taɓa ganin an yi shaida a aike? Mai shaida tsayawa yake a gaban mutane, ya dafa Alƙur'ani, a kalli idonsa. Kuma sara fa? In bana ba a sara ba, gobe su zo su ƙirga su ga gurbi, su ce ga shi nan, shekarar nan ba wanda ya yi noma."

"Ya'u ya sara."

"Ina raye? Gizago ba ya barin hannun mai rai."

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa alƙalan nan ba za su ƙirga saran bishiya ba ko da za su kwana a gindinta. Ya ce to wannan tsakaninsu da Allah ne. Muka yi kwanaki ba ma haɗa ido.

Mai gadin gidanmu, Ammu Rajab, Basa'ide ne, ɗan manoma daga kudancin Masar. Shi da Yaya Habu ba sa jin yaren juna, amma kullum da yamma suna zaune a kan benci a ƙofar gida suna nuna wa juna abubuwa da hannu. A shekarun nan duk gidan shayin da ka shiga a Alƙahira maganar ɗaya ce, dam ɗin da ake ginawa can saman Nilu, da yadda za a raba ruwan, da tsofaffin yarjejeniyoyin da wannan ƙasa ta ce suna nan waccan ta ce ba da ita aka yi ba. Ammu Rajab ya ga abokinsa ya daina dariya, ya tambaye ni dalili, na gaya masa. Ya dafa kai ya ce ashe ko'ina na ƙasa ne ke kwana da ido ɗaya. Shi ya ba ni shawara in kai Yaya ya ga Mikyas, tsohon ma'aunin ruwan Nilu, ko ransa ya yi sanyi ya san ba su kaɗai ke sara alamar ruwa ba. Na ɗauka shawara ce mai kyau, har na gode masa.

Wata safiya da ba ta wanki ba muka hau metro, muka ƙarasa a tasi zuwa tsibirin Rauda. Mikyas wata tsohuwar rijiya ce ta dutse, mai faɗi, da matakala tana zagaya ta har ƙasa. A tsakiya akwai dogon ginshiƙi, an tsattsaga masa alamu tun daga gindi har sama. Da shi mutanen zamanin da suke auna cikowar Nilu, su san shekarar ƙoshi da shekarar yunwa. Yaya Habu ya riƙe ƙarfe ya leƙa. Shi da kansa ya gane. Na ga yana bin tsagar da ido yana motsa baki. Sai ya tambaya yaushe ruwan ke shigowa. Na tambayi mai kula da wurin, ya yi dariya ya ce an toshe hanyar ruwan tuntuni, tun da aka datse kogin a kudu cikowa ta daina zuwa, yanzu baƙi ne kawai ke zuwa ɗaukar hoto. Na so in sassauta fassarar, amma Yaya ya riga ya ga ƙasan rijiyar a bushe, ga ƙura, ga wata leda da iska ta jefa.

"Wa ke da aikin duba shi a da?"

"Wani gida ne, an ce, suna gadon aikin."

"Ina suke yanzu?"

Mai kula da wurin ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, bai sani ba.

Muka koma gida a tasi. Muna hawa matakalar gida, yana hutawa a kowane bene, ya ce min in nemo masa tikiti.

Hajara ce ta fara cewa a'a. Ita da ba ta ɗaga murya a gabansa, ranar ta tsaya a tsakiyar falo ba lulluɓin kirki ta ce ba inda za shi. Da ta ga ba ya ji, ta ɗauke fasfonsa daga jakarsa ta ɓoye. Na nema har ƙarƙashin katifa ban gani ba. Na same ta a kicin tana tsince shinkafa, hawaye na ɗiga a tire.

"Malam, kai ka fassara maganar likita. Ka san kwana nawa zai yi ba wanki."

"Akwai inji a birni. Ya'u zai riƙa kai shi."

"Ka san ba zai bar gindin bishiyar nan ya je layi ba. Ka ce ka nema ba ka gani ba. Ka bar laifin a kaina, ai dama sun saba zagina."

"Yayana ne, Hajara. Shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu."

"Shi ya sa."

Na koma falo na zauna a gabansa, na sake jera masa komai, wannan karon ba fushi. Na ce masa kai tsaye in ya tafi mutuwa zai yi, kuma mai yiwuwa mutanen kotun ma ba za su zo ba. Ya ce ya sani. Ya ce tun ranar da na fassara masa maganar likita ya san ba zai warke ba, abin da ya rage shi ne inda za ta same shi. Ya ce a nan kullum ana kwantar da shi ana juya jininsa a inji, a dawo da shi ya zauna yana jiran kofi, kuma ya gode, Allah Ya saka. Amma shi sarkin fadama ne, an ce a gaban hukuma kakanninsa ba su yi noma ba, kuma yana da ƙafa.

"Sani, ban taɓa roƙonka komai ba. Kada ka sa in roƙi matarka."

Na tashi na shiga kicin na miƙa mata hannu. Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta tura hannu cikin buhun shinkafa har gwiwar hannu ta zaro fasfon a cikin leda, ta ajiye a kan tire, ba ta sa min a hannu ba. Ni na ɗauka, ni na sayi tikitin, ni na kai shi filin jirgi. Ku riƙe wannan da kyau. Na yi shekaru ina juya abin a raina, kuma har yau ban san wata hanyar da zan bi in tsare mutum baligi mai hankali, wanda ya girme ni, a bene na huɗu a ƙasar da ba tasa ba. Amma in dole sai an ce wani ne ya sake shi ya tafi, to ga ni, ba ita ba.

Da safen tafiyar ta naɗe kofin nan mai jan zare a tsumma ta sa masa a jaka. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce don Allah Yaya a riƙa aunawa. Ya ce to, ƙanwata. Da na dawo daga filin jirgi na tarar da kofin a kan tagar falo, ya ciro ya ajiye.

Sauran labarin daga bakin Ɗan'azumi na ji shi, masuncin da suka tashi tare da Yaya tun suna yara, lokacin da na je ta'aziyya. An kai shi wanki a birni sau ɗaya ko biyu, daga nan ya ce tafiyar tana cinye masa kwanaki, kada baƙi su zo ba ya nan. Kullum da hantsi a ɗora shi a amalanke a kai shi gindin giyayya, da farar rigarsa ta Juma'a, gizago a kan cinya. Shinkafa ta tsiro ta tsaya tana jiran ruwa. Ranar da aka sa mutanen kotu za su zo, gari ya fito, mata suka yi girki, aka share hanya. Da azahar lauya ya bugo wa Ya'u waya ya ce jihar sama ta shigar da sabuwar takarda tana ƙalubalantar ziyarar, an ɗage sai abin da hali ya yi. Shekarar kuma ba a buɗe ƙofar dam ba sai can a makare, abin da aka saki ko bakin fadama bai iso ba. Shinkafa ta yi ja ta kwanta.

Da lokacin sara ya yi, babu ruwan da za a shiga. Mutane suka ce a bar bana. Ya ce ba a tsallake shekara. Ya sa aka sauke shi, ya tattare wando kamar yadda aka saba duk da ƙasa a bushe take, ya durƙusa da ƙyar ya sara a gindin bishiyar, daidai inda itace ya haɗu da ƙasa. Na ga saran da idona da na je ta'aziyya. Sai na share ƙura da tafin hannu sannan ya fito.

Ɗan'azumi ya ce da ya gama ya jingina da bishiyar yana haki, ya ce a kawo masa ruwa. Aka ɗebo daga rijiya a ƙwarya. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga ƙasanta. Ya goge baki ya ce, "Ɗan'azumi, in ka ga Sani ka ce ya gaya wa ƙanwata yau na karya dokarta. Ta yafe min, ta yi iyakar ƙoƙarinta." Bai ƙara kwana da yawa ba.

'Ya'yansa suna wurin, sun ji. Abin da suka riƙe shi ne babansu ya sha ruwa kamar wanda ya shekara bai gani ba, kuma ya ambaci dokarta. Na so in tara dangi in yi magana, Hajara ta hana ni a waya. Ta ce mutanen da suka rasa uba da shinkafa a shekara ɗaya suna buƙatar wanda za su ji haushi, kuma ba za su iya zuwa su zagi dam ba. Ta ce in bari sai sun huce. Ba su huce ba har ta rasu, kuma ba ta sake taka Tudun Giyayya ba. Shari'ar kuwa tana nan. Alƙalan farko sun yi ritaya, lauyan da ya zo ƙauye ya rasu, Ya'u ne ke riƙe da gizago yanzu, furfura ta fara fito masa. Kwanan baya na ji an sake ɗagewa.

Da na dawo Alƙahira daga ta'aziyyar, sai da na bari kuka tafi makaranta sannan na isar mata da saƙon. Tana tsaye tana wanke-wanke, ta ba ni baya. Na faɗa mata kalma bayan kalma yadda Ɗan'azumi ya faɗa min. Ta rufe famfo. Na zaci za ta ce ta yafe, ko ta yi masa addu'a, ko ta ce da ma ta faɗa min. Ba ta juyo ba.

"Ƙwaryar babba ce?"

Na ce babba ce.

"Cike?"

Na ce cike.

"Ya yi masa yawa," ta ce a hankali. "Da sun ba shi rabi."

Kofin yana cikin kabad ɗin falo, bayan faranta, zaren ya koɗe. Nafisa, in za ki sake zuwa gida ki tafi da shi ki ba Ya'u, ki ce masa da wannan uwarki ta hana babansa ruwa.